Awarwaron Tasalla

Tun da aka fito da allurar da ke kwantar da jijiyoyin ciki, yaran da aka yi wa aikin afendis suka daina jin zafi. A ranar ake sallamar su, a ɗaura wa uwa awarwaro. In wani abu ya taso a cikin yaro, ita za ta ji a hannunta.

"In ya yi ɗumi, ba komai," malamar asibiti ta ce wa Tasalla. "In ya fara ƙuna, ki dawo da 'yarki nan take."

Da la'asar ɗaki ya cika da 'yan dubiya, har da surukarta, Inna Dije. Zulai, wadda aka yi wa aikin, na kwance tana dariya. Awarwaron ya yi ɗumi, can ya fara ƙuna.

Tasalla ta ja mayafi ta rufe hannun. Zulai 'yar farinta ce, shekara tara ko sunanta ba ta taɓa faɗa ba. Yaya za ta nuna damuwa a kanta a gaban dangin miji? Bari su tashi tukuna.

Ba su tashi ba. Aka kawo kunu, hira ta ɓarke.

"Wai me ke ƙauri ne?" in ji Inna Dije. Ta bi shi har jikin mayafin, ta yaye. Fatar ta yi bororo.

"Tun yaushe?"

Tasalla ta sunkuyar da kai.

"Ke, yau ba ranar jin kunyata ba ce. Ɗauki 'yarki."

Har yanzu yarinyar na dariya, amma leɓɓanta sun yi fari. Tasalla ta sungume ta.

"Zulai," ta ce. "Zulai."

Yarinyar ta waiga tana neman mai kiranta.