Silifa Wari Ɗaya

Kafin Auta ya dawo garinsu an sare bishiyar ƙofar gida, mai aski ya yi sanƙo, ɗan yayarsa ya kere shi tsawo, lambun shaƙatawar unguwa inda ya koyi ƙwallo kuma ya koma juji. Mama ce kaɗai ba ta sauya ba, in ban da ciwon gwiwa.

Kwana kaɗan ya zo yi. Amma da ya ga akuya tana tauna leda a kan bencin da ya saba zama, sai ya rantse a gaban jama'a: ba zai bar garin ba sai lambun ya kwana tsaf.

"Allah ya yi maka albarka, Auta," in ji Mama. "Riƙa kawo buhunan sharar nan gida, ni zan ba masu motar shara."

Ya yini yana tsinta: robobi, ledoji, gwangwanaye, da wani shuɗin silifa wari ɗaya. Da yamma wuri sai ƙyalli. Washegari komai ya dawo, har silifan.

Ya zargi mai kanti. Ya bi akuyar har gida ya yi wa mai ita wa'azi. Ya tsaga wa silifan alama da reza, washegari silifan ya dawo da alamarsa. Mai gadin lambun ya ce shi da sassafe ba ya ganin kowa, sai tsofaffin da likita ya sa motsa gwiwa.

"Wai kai," in ji mai aski, "duk shekarun nan shara ka je karantowa?"

Damina ta wuce. Ya rame kamar tsintsiyarsa, Mama kuwa har kumatu ta yi, ciwon gwiwa ya sake ta. Sai wurin aikinsa suka bugo: ko ya koma, ko su ɗauki wani.

"Namiji ba ya karya rantsuwa, Auta."

"Mama, silifa ya fi ƙarfina. Ina akwatina?"

"Bar shi, duk ƙura ce. Zo ka ci abinci tukuna."

Ya durƙusa ya jawo shi daga ƙarƙashin gadonta. Ya fi ranar da ya zo da shi nauyi. Da ya zuge, sai ga ledojin jiya an ninke su kamar kayan guga, shuɗin silifan yana kwance a sama, yana jiran gobe.