Kwaɓin da Ya Ƙi Kama Roba

"Wallahi ke kika taɓa min kwaɓina!" in ji Sagiru mai rina ƙasan kambas a Rano. Tun safe yake shafa wa takalmin mutane kore, robar ta ƙi ci.

Matarsa Sa'adiya na zaune, ƙafafu ɗaure a leda, gobe bikin ƙanwarta a Kibiya. Kun san ta da baki. "Ina fama da lallena? Malam, je ka koyo sana'a!"

Sagiru ya shinshina kwanonsa, ya ji ƙamshin lalle. Ya dubi ƙafafunta.

Baiwar Allah ta kwance leda. Kore shar, har da ƙyalli!

"Yaushe zai fita?"

"Uwargida... ai aikina ba ya fita, shi ya sa ake yabona."

Ta fice, ta bugo ƙofar langa-langa garam!