Ƙwayar Da Mai Famfo Ya Daina Sha

A lokacin, wata biyu ke nan da aka sallamo Mai Famfo daga asibiti, kuma duk wanda ya zo yi masa sannu sai ya sha labari. Shekara ashirin da biyar yana gyaran famfo a gidajen mutane, don haka da likita ta ce jijiyar da ke kai wa zuciyarsa jini ce ta toshe, kafin ta rufe baki ya ƙarasa mata bayanin.

"Ai sana'armu ɗaya da likitar nan," yakan ce. "Waya ta zura ta wuyan hannuna, ta buɗe bututun, ta bar 'yar ragar ƙarfe a ciki don kada ya sake tsukewa. Bambancinmu kawai, ita ba ta jiƙa wando."

Likitar ta haɗa shi da wata ƙwaya mai tsinka jini, ta ce ya sha kullum har shekara guda, ko kwana ɗaya kada ya tsallake. Ya ce to, kuma da farko ya cika alkawari.

Daga hannu matsalar ta faro. Mai gyaran famfo ba ya rabuwa da yanka. Da can sai ya tsotse yatsa ya ci gaba da aiki, yanzu kuwa da bakin bututu ya ɗan ƙwarzane shi, jini ya dinga zuba ke nan. Wata rana ya ɓata wa wata mata farin tayil ɗin banɗakinta. Ta dube shi a tsorace, kuma ba ta sake kiransa ba. Abin ya ci masa rai, don da hannun nan yake ciyar da mutum shida. Washegari ya ajiye ƙwayar.

"Maigida, katin maganin nan tun Litinin bai ragu ba," in ji matarsa.

"Bututun da aka buɗe ai ya buɗu. Kin taɓa ganin na gyara famfo na ce a riƙa ba shi magani kullum?"

"To ka tambayi likita mana."

"Ranar komawa ta kusa, zan faɗa mata."

Ba mai taurin kai ba ne, bawan Allah. Ya dai yarda da iliminsa a inda ilimin bai kai ba.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, yana kwance ƙarƙashin wurin wanke kwanuka a wani bene, sai ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji. Zufa ta karyo masa, sifana ta suɓuce daga hannunsa. Kafin a sauko da shi a kai asibiti, awa uku sun wuce.

Da ya farfaɗo, likitar ta jawo kujera kusa da gadonsa. Ba ta yi faɗa ba.

"Baba, ragar nan baƙuwa ce a jikinka. Kafin nama ya lulluɓe ta, jini yana neman daskarewa a kanta, ƙwayar ce ke hana shi. Da ka kawo mini zancen yankan, da mun san abin yi. Mun sake buɗe jijiyar, amma wani sashe na naman zuciyar ya riga ya mutu, kuma ba ya dawowa."

"Yaushe zan koma aiki?"

Likitar ta dubi matarsa. Matar ta sunkuyar da kai.

Yau Mai Famfo sai ya huta sau biyu kafin ya ƙetare tsakar gidansa. Makon jiya famfon gidan ya fara ɗiga, yana zaune yana kallo aka kira wani ya gyara. Ya juya fuskarsa bango, hawaye na zuba.

Jama'a, jin sauƙi ba warkewa ba ne. Duk wanda aka yi wa aikin jijiyar zuciya, kada ya ajiye magani da ra'ayin kansa. In maganin ya dame ka, likita za ka faɗa wa tun ranar.