Rigunan Aiki Awo Ɗaya

Ɗauki misalin wata mata da ke kai wa baƙi abinci a wani gidan abinci na bakin tasha. Allah ya yi ta da ƙiba, ya kuma yi ta da zafin nama, kafin ka gama wanke hannu tuwonka na gabanka. Da wannan aikin take riƙe marayunta. Kwatsam gidan ya koma hannun wani Alhaji, irin mutanen nan da ke ganin ma'aikaciya ado ce kamar labule. Ya so ya sallame ta, amma ya san korar mutum ba laifin tsaye ba na zaune tana iya kai shi gaban kotun ma'aikata. Sai ya ɓullo ta bayan gida: ya sa tela ya ɗinka rigunan aiki duk awo ɗaya, na sirara, ya ce daga Litinin wadda ba ta sa ba ta sallami kanta. Baiwar Allah ta kai tata gida ta gwada, ko kafaɗa ba ta wuce ba. Ta zauna bakin gado ta sha kukanta, don wulaƙancin ya fi rashin aikin yi mata ciwo.

Ran Litinin ta zo da atamfarta, niyyarta ta yi sallama da abokan aiki ta fita da mutuncinta. Tana shiga ta tarar da su a jere, kowacce da kayan gida, rigunan kuwa an ninke an tara kan tebur. Alhaji ya hau sababi. Wadda ta fi kowa rama a cikinsu ta nuna baiwar Allah ta ce, "Alhaji, rigar da ba ta yi wa Yaya ba, mu ma ba ta yi mana ba." Ya ja su gefe ɗaya bayan ɗaya, wannan ya yi mata romon baka, waccan ya yi mata barazana. Ba wadda ta ko kalli teburin, alhali kowacce na da bakunan da take ciyarwa. Wallahi matan nan sun cika mata. Ga azahar ta kawo jiki, ga matafiya sun cika benci suna jiran abinci. Kafin la'asar sai ga tela ya dawo da tef a wuya, kuma da uwar marayun nan ya fara awo.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.