Bishiyar Noreen

"Sai an sare ta, Baba," in ji Fergus, mijin 'yata, wanda a ganinsa duk garinmu Toowoomba babu mai jin yaren kwamfuta na JavaScript kamarsa. Ya tsaya mita goma daga bishiyar marigayiya matata Noreen, ya auna kusurwar ƙololuwarta, digiri arba'in da biyar, ya zuba wa Math.tan, dabarar lissafin kusurwa a kwamfutarsa. "Tsayinta mita sha shida, ɗakinka kuwa sha biyu ne daga gindinta. Iska ɗaya, ta danne ka."

'Yata ta sha kuka. Aka sare. Bishiya ta kwanta, ko kusa da bango ba ta kai ba.

Fergus ya dawo kamar kazar da ruwa ya yi wa duka. "Ka yafe ni, Baba. Ashe Math.tan ma'aunin radiyan yake karɓa, ba na digiri ba. Mita goma ce kacal."

Na ce, "Ilimi kogi ne, ɗana."

Da koyar da lissafi na tsufa, tun a kwamfutarsa na hango kuskuren. Amma bishiyar kyauta ce ga Noreen daga Desmond, maƙwabcinmu, wanda ya fi ni kuka ranar jana'izarta.

Shi na aika wa itacen, ya ji ɗumi.