Saura Mutum Ɗaya

"Saura mutum ɗaya!" in ji ɗan kamasho, ya cusa ni can ƙuryar motar Kumasi. Tun hantsi na baro unguwarmu Nima. Gobe Sallah, 'yata Zalia tana jirana a Kumasi.

Azahar ta wuce, ba mu motsa ba. Gwiwoyina sun ƙage, ga shi ba hanyar fita. Wani abu ya ɗaure mini kai: duk motar ba mai jaka sai ni, ba mai tsaki sai ni.

Da la'asar kowa ya miƙe zai sauka. Na riƙo hannun na kusa da ni.

"Ɗana, ina za ku?"

"Gida mana, Baba. Mu zaman ne aikinmu, don a ga mota ta cika." Ya dubi jakata. "Au! Kai tafiya za ka yi?"