Guɗar Kuluwa

Tun da aka hana kiɗa da hannu a garin nan, 'yar na'urar nan ce ta rage min. A ciki akwai kiɗan ƙwaryar ranar sunan jikana, can ƙasan kiɗan kuma guɗar 'yata Kuluwa, Allah ya ji ƙanta. Da kunnena ya yi nauyi, sai na kai wa Tanimu mai gyara.

"Ɗan nan, fito min da sautin sosai."

"Goggo, duk na'urar da aka buɗe yanzu sai an sa mata rariya, doka ce. Amma za ki ji kamar a gabanki ake yi."

Ni da ko a awon gero ba a taɓa cutata ba, ban tambayi abin da rariyar ke zubarwa ba.

Ya maƙala min a kunne. Ƙwarya tangaran, har zoben makaɗiya ina ji. Na jira wurin guɗar, ya zo ya wuce shiru.

"Ina Kuluwa?"

"Au, ihun nan? Ai datti ne, ta tace shi."

"Mayar min da dattina."

Ya miƙo min na'urar, ya ce abin da rariya ta zubar ba ya dawowa.

Har yau ina kunnawa. In an zo wurin, ni nake rangaɗa guɗar, amma numfashina ba ya kaiwa.